Wasiƙar Saje Audu da na riƙe shekara talatin da uku

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Saje Audu, wanda ya cika a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Allah Ya ji ƙansa. Na yi masa salla na kai shi makwancinsa, amma ban zubar masa da hawaye ba, kuma ba zan ara yanzu in yafa ba.

Lokacin yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, ni ke karanta wasiƙun sojoji a unguwarmu, domin na iya ajami. Al'adarmu a Birnin Gwari, takardar soja ta kowa ce, a zaure ake karanta ta. Wata rana tasa ta zo, malamin bataliyarsu ya rubuta masa. Na karanta yadda take. Ya ce in jirgi ya saki bam jikinsa makyarkyata yake yi, har ya taɓa ɓata wandonsa, Inna ta sa shi a addu'a. Sai a layin ƙarshe na tarar da gargaɗinsa, wai kada a karanta wa kowa sai ita. Magana zarar bunu ce. Kafin ya dawo, mutanen gari sun raɗa masa suna Saje Makyarkyata.

Ranar da ya sauka bai tambaye ni ba'asi ba. A tsakiyar kasuwa ya mare ni, bai ƙara yi mini magana ba har kabari. Wata biyu da dawowarsa, wasiƙarsa ta ƙarshe daga Bama ta iso, ta makara a hanya. Na karanta ni kaɗai, na cusa ta a gafaka.

Da damanar nan ɗansa Lawal, mai karatu a Zariya, ya zo da rikoda da kyamarar aro, wai makaranta ta sa shi haɗa fim a kan yaƙin ubansa. Ya tsara tambayoyinsa a takarda, ya zaɓi wani kurmi a hanyar Randagi ya tsaya a madadin dajin Bama. Da Audu na raye da ya kore shi da sanda, don bai yarda a ambaci Bama a gabansa ba. Yaron ya bi tsofaffin unguwar Magajin Gari ɗaya ɗaya, kowa ya tambaya sai ya yi dariya ya faɗi sunan nan. Ya ga fim ɗinsa zai zama tallar kunyar ubansa.

Ya same ni ko zama bai yi ba. "Baba Malam, kai ka binne shi tun yana tafiya da ƙafarsa."

Na ce uban nasa ya fi shi iya rashin kunya, shi da hannu ya yi tasa. Amma na kasa cin tuwo ranar. Zaure kuskure ne, Allah shaida. Gafaka kuwa da gangan na yi.

Ranar Juma'a na sa ya tara tsofaffin a zauren nan dai, ya kunna rikodarsa. Na ciro wasiƙar daga gafaka, na karanta yadda Audu ya goyi wani Bagwari ɗan Randagi da harsashi ya fasa wa cinya, kwana biyu cikin ruwa, yana makyarkyatar yana tafiya. Mutumin ya mutu a jirgin ruwan dawowa, shi ya sa ba shaida sai takardar. Babu wanda ya yi dariya. Lawal ya tambayi yaushe ta zo, na faɗa masa gaskiya, rikoda tana juyawa. Ya karɓi takardar bai yi godiya ba.

Ban ce na so Audu ba. Mutum ne mai zafin hannu da riƙo, ni ma ban fi shi ba. Amma sunan da bakina ya ɓata, bakina ya mayar. Marin kuma na yafe, Audu. Ka kwanta.