Silin Ɗakin Mama

Babanmu mai fenti ne, kuma in ka gan shi ba sai an faɗa maka ba. Girarsa, agogonsa, har takalminsa na fita unguwa, babu wanda ba shi da ɗigon fari. Tun yana saurayi yake hawa tsani yana shafe silin mutane, gidajen layinmu kusan duk sun sha hannunsa, in ban da namu. A silin ɗakin Mama akwai wani tabon yoyo, ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ya girme ni. Duk shekara sai Baba ya ɗaga kai ya dube shi ya ce wata mai zuwa zai gyara. Mama ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da ninke kayanta.

Bara sai kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Da farko sa hula ya gagara, sannan riga sai Mama ta taimaka, daga ƙarshe buroshi ma ba ya wuce ƙirjinsa. Mutumin da bai san zama ba, sai ga shi kan benci a ƙofar gida yana kushe aikin wasu. Ran nan na same shi shi kaɗai a ɗakin Mama, ya zuba wa tabon nan ido.

"Uwata," ya ce, "na shafe wa duniya, ita ban shafe mata ba. Ga hannun ya tafi."

Wallahi sai da na juya baya na share ido. Washegari na tasa shi gaba sai asibiti, yana ta mita, don Baba zai iya tsayawa da ƙafa ɗaya a ƙarshen tsani amma ko sunan allura ba ya son ji.

Likitar wata gajeriya ce mai fara'a. Ta sa ya ɗaga hannun gaba, gefe, baya, ta danna wani wuri sai da ya zabura. Ta ce jijiya ce ta kumbura a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, duk ɗagawa sai ta gogu, kuma za ta yi masa allurar sitiroyid mai sauke kumburi. Ta zaunar da shi kan kujera, ta ce ya saki hannun ya yi lilo domin wurin ya buɗe. Ta zagaya bayansa, ta bi ƙashin da babban yatsa har ta sami kusurwarsa, ta yi alama ƙasa da nan kaɗan, ta goge fatar da magani, sannan ta tsaya. Baba ya tambaye ta me ake jira, ta ce sai maganin ya bushe.

Ai kuwa ta taɓo masa inda yake so. Ya shiga ba ta labarin masu garaje da ke shafa fenti kan jiƙaƙƙen bango, yana cikin zuba allura ta shiga ta fito. Da ya gama ya dafe ƙirji ya ce to bismilla, ta fara. Ni da likita muka yi dariya har da riƙe ciki.

Kafin mu fito ta ja masa kunne. Ta ce ta haɗa da maganin kashe zafi, don haka sauƙin yau na aro ne, zuwa yamma zai gushe, gobe ma ciwon yana iya fin na da. Maganin gaske sai ya kwana biyu zai kama aiki, kafin nan ban da ɗaga kaya. Baba ya yi ta gyaɗa kai kamar mutumin kirki.

Muna isa gida ya ɗaga hannu sama, ya ji shiru, sai ya zarce ɗakin ajiya. Mama ta kama shi ƙafa ɗaya kan tsani. Sai ta ɗauko kwalin nan nasa da yake jingina wa bangon mutane, mai rubutun "Kar a taɓa, bai bushe ba", ta sa masa igiya ta rataya masa a wuya. Haka ya zauna a benci, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi yaushe zai bushe.

Da yamma ciwon ya dawo, ya ce ruwa aka ɗura masa. Mama ta gyara wa kwalin zama. Bayan 'yan kwanaki zafin ya fara sauka, ya koma yin motsin da likita ta koya masa, kullum da safe yana tafiyar da yatsunsa sama a jikin bango, yau nan, gobe gaba kaɗan.

Ranar da likita ta ba shi izini, ya tambayi Mama kalar da take so. Ko tunani ba ta yi ba ta ce ruwan sararin sama, ashe tun tana amarya ta zaɓa. Na riƙe masa tsani, yana shafawa yana waƙa, fenti na ɗigo mini a ɗankwali ban damu ba.

Da ya bushe Mama ta kwanta rigingine ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"To yanzu da me zan riƙa yi maka gori?"

Baba ya miƙe hannun dama, har can sama, ya nuna mata kusurwa. Ya bar ɗan tabo, bai fi tafin jariri ba.

"Ga naki nan," ya ce. "Wata mai zuwa."