Manjaniƙin Yayana

Kalmar manjaniƙi a bakin kakanmu na fara jin ta, a zauren gidanmu na Ƙofar Taramniya. Yana karanta wa ɗalibansa labarin yaƙoƙin zamanin da, ya ce wata babbar majaujawa ce ta katako, ana ɗora mata dutse ta cilla shi ya haye ganuwar gari. Sai ya ƙara da cewa, "Makauniya ce. Mai harba ta bai ganin wanda za ta faɗa wa."

Ni a lokacin hankalina yana kan littattafan soyayya, da kuma wani saurayi baduku daga Ƙofar Rini, mai yatsu dogaye kamar na wanda aka haifa don ɗinkin fata. Kullum bayan la'asar yakan tsaya ƙarƙashin dogonyaron da ke bayan katangarmu, ya kira wayata ya kashe, in fito. Bai taɓa taka zaurenmu ba, don kunyar surukai.

Yayana kuwa, mai walda a Tudun Wada, ya riƙe maganar Kaka. Da rikicin siyasa ya taso, 'yan daba suka fara ƙona shaguna layi bayan layi, sai ya kwaso sifirin tsohuwar mota da bututun ƙarfe, ya liƙa kwanon awo a bakin, ya kafa abin a tsakar gida. Ya yi ta gwaji da ɓaraguzan bulo har ya daidaita shi kan gindin dogonyaron, don nan ne bakin lungunmu.

Ranar da suka iso mana, ihu ya riga su. Na ji ƙarar adda a kan ƙyauren maƙwabta, hayaƙin taya ya turnuƙe ko'ina. Wata kwalbar fetur ta faɗo kan rumfar akuyoyinmu, wuta ta kama, uwar garken tana kuka kamar mutum. Yaya da ƙannen babanmu suka danne ƙarfen, suka loda rabin bulo, suka saki. Muka ji wani ya ƙwala ƙara a waje.

"Ku ƙaro! Ku ƙaro bulo!" in ji Yaya, gumi na zuba daga gemunsa.

A nan wayata ta yi ƙara ta katse.

Na san ma'anarta tun kafin in duba. Na ruga na riƙe hannunsa. "Yaya, tsaya! Shina nan waje, gindin itacen!"

"Wa? Cikin wanga bala'i? Ke dai karatun littattafai ya ɓata miki kai!"

Ƙarfen ya riga ya kuɓuce. Na bi bulon da ido har ya haye katanga.

Babanmu ne ya zare sakata ya fita, ko takalmi babu. 'Yan dabar sun watse, sun bar jini da adda ɗaya a ƙasa. Saurayina kuwa yana zaune jingine da itacen, kafaɗarsa ta dama ta rugurguje, ƙashi ya huda riga, wayarsa tana cikin ƙura.

"Ɗana, mi ya hana ka buga ƙofa?" in ji Baba.

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ai gidanku ne. Na zo in ji lafiyarku kawai."

Baba ya saɓa shi a baya, ya ratsa zaure da shi har tsakar gida, jini na bin ƙafafunsu. Haka ya fara shiga gidanmu. Na yage mayafina na danne raunin a gaban kowa. Yaya ya durƙusa gefen ƙarfensa yana amai.

Saurayina ya rayu, amma hannun bai ƙara riƙe basilla ba. Washegari Yaya ya yanka manjaniƙin gunduwa-gunduwa da wutar walda. Bayan damina aka ɗaura mana aure. Yanzu ni nake ɗinka jakunkunan fata, shi yana zaune kusa da ni yana nuna mini da hagu inda zan huda.