Ƙafar Baba da Ruwan Teku

Baba ya zo Dubai ne saboda ƙafarsa ta hagu. Ciwon suga ya daɗe yana cin ta, gyambon da ya fara a ɗan yatsa ya haura har idon sawu, likitocin Kano suka ce sai an yanke. Ni ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Deira, kuma a wurin 'yan gidanmu duk wanda ke ƙasar waje rabinsa likita ne, rabinsa minista. Don haka aka turo min shi. Na ba shi gadona a ɗakina na Al Rigga, na koma kwana a ƙasa. Likitan nan ya duba ƙafar, ya maimaita abin da na Kano suka faɗa, sai dai shi da Turanci ya faɗa. Ya sa mana ranar tiyata.

Ban yi kuka ba, ban ma ji tsoro ba. Ji na yi kamar an cusa min auduga a kai. Ina zuwa aiki, ina dawowa, ina wanke gyambon ina naɗewa, ina cin abinci ban san me na ci ba.

Ashe Baba da nasa shirin ya taho. Abokansa na ƙofar masallaci sun tabbatar masa ruwan teku magani ne, gishirinsa yana busar da kowane irin gyambo. Har da labarin wani da ya tsoma ƙafa a Jidda ya dawo gida yana taka ta. Ba wanda ya san sunan mutumin, amma kowa ya rantse an yi. Baba ya ce min asibitin nan don ya faranta mana rai ya yarda da shi, shi teku ya zo.

A makon aka tafka ruwan sama irin wanda garin bai saba gani ba. Tituna suka cika, ruwa ya kwashi dattin gari ya gangara da shi teku. Da hanya ta buɗe na ɗauki tasi na kai shi bakin ruwa. Yashi ba ya takuwa da sanda, sai na goya shi. Mun tarar da jar tuta, an ja igiya, ga allo da Larabci da Turanci. Na fassara masa: hukumar gari ta hana shiga ruwan har sai an gama gwada shi.

Mai gadin wurin ya ji muna Hausa ya matso. Ɗan zangon Kumasi ne, ya gaishe da Baba har ƙasa. Baba ya nemi a ɗebo masa ruwan a murfin gorarsa, mai gadin ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ya ɗebo. Baba ya ɗaga shi sama ya duba, ya sansana, ya ɗan taɓa da harshe ya tofar. Da haka yake yi wa ruwa hukunci tun tasowata, na rijiya ne ko na randa, kuma da haka ya koyar da ɗalibansa na zaure.

Ya ce, "Launi bai sauya ba, wari babu, ɗanɗano kuwa gishiri ne yadda Allah ya yi shi. Wannan ruwa ko alwala a yi da shi. Wa ya ce ba shi da tsarki?"

Mai gadin ya ce, "Baba, wallahi ni ma ban ga komai ciki ba. Amma su ne da iko. Sun zo da kwalabe sun ɗiba sun tafi da shi. Sai sun ce halas, kana mu sauke tuta. In ka shiga, ni za a kora."

Baba ya juyo gare ni. Ya san tazarar da ta rage ba zai iya ta ba sai a bayana.

"Kai fa?"

Na ce, "Baba, abin da suke nema ba a ganin sa da ido. In ya shiga gyambon, ba a ƙafa zai tsaya ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Na jira in ji tausayi ko kunya, ko ɗaya bai zo ba. Rana kawai nake ji a ƙeyata.

Ya ce, "To. Mu jira su."

Muka jira. Kullum da safe, kafin ya sha shayi, sai ya tambaye ni. In buɗe shafin hukumar a waya, in ga sanarwar tana nan yadda take, in ce masa tukuna. Ya ce mutanen nan ruwa ɗaya suke ta gwadawa kamar masu zaɓen sarki. Bai taɓa roƙona a ɗaga ranar asibiti ba, ni ma ban kawo zancen ba, don likita ya riga ya ce ƙafar ba ta jira.

Ranar ta zo, aka shiga da shi. Ina zaune a kujerar jira, hannuna ya buɗe shafin da kansa saboda sabo. An sauya sanarwar. Gwaji ya fito, ruwan ya dawo daidai, an buɗe wa jama'a. Na karanta har ƙarshe, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da kallon ƙofa.

Da ya farfaɗo bai tambayi ƙafar ba. Mayafin ya kwanta shafal daga gwiwar hagu zuwa ƙasa, ya gani, na ga ya gani. Muryarsa a dishe ya ce, "An buɗe?"

"An buɗe, Baba."

"Suka ce me?"

"Sun ce ruwan lafiya lau."

Na san ruwan da suka wanke daga zargi yau ba shi ne wanda muka tarar ran nan ba.

Ya lumshe ido ya ce, "Ai na gaya muku."