Taken da Habu Ya Kaɗa a Daji

Habu mai kalangu, mutumin Karare, ya rasu ranar Talata, sha uku ga Agusta, bayan zazzaɓin kwana shida. Ni na rubuta takardar rasuwarsa a ofishinmu na Batsari, inda na shekara goma sha tara ina wannan aiki. Mutum goma sha ɗaya ne suka yi masa salla. Sai da na tambaya sau biyu, domin Karare ba ƙaramin gari ba ne, kuma mamacin ya shekara talatin yana kiɗa a bayan Sahabi Mai Gayya, mawaƙin da a lokacinsa ba motar hayar da za ka shiga daga nan zuwa Safana ba ka ji muryarsa ba.

Sahabi kowa ya sani. Habu kuwa, a duk hotunansu yana can gefen hagu, kai a sunkuye, kalangu a hammata. Ba ya amshi, ba ya kirari. Sahabi kan tsokane shi a bainar jama'a: “Habu, in ka ce uffan yau, rigar nan tawa ta zama taka.” Sai ya yi murmushi, ya buga kalangu sau biyu, mutane su kwashe da dariya.

A gonakin gayya suka fara. A wancan zamani kowane jarumin manomi yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗa da ke kiran sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Habu ya riƙe taken mutane fiye da ɗari biyu, na Karare da Darini har zuwa Ruma. Samarin yanzu ba sa jin wannan magana, kiɗa kawai suke ji.

Shekara biyu da suka wuce, da rani, wasu mutane suka zo a kan babura suka ce shugabansu na sunan ɗa a daji, yana son kiɗa. Ba irin gayyatar da ake ƙi ba ce. Su biyar suka tafi, suka kwana biyu. Bayan mako guda bidiyon minti takwas ya shiga wayoyi: Sahabi yana wasa mutumin da ya ƙone ƙauyuka, ga bindigogi jingine da itace, ga Habu a gefen hagu. Sahabi ya tattara iyalinsa ya koma birni. Habu ba shi da inda za shi. Aka daina gaishe shi, aka sa masa suna makaɗin ɓarayi. Kwana uku da binne shi, 'yan sa-kai suka je wurin matarsa Rabi suka ce ta bar garin kafin a yanke gero, wai daga gidan ake kai labari daji.

A makon ne wani dattijo daga Darini, Malam Hamidu, ya shigo ofis ya ƙi zama.

“Me ka rubuta a kan Habu?”

“Suna da shekaru da ranar rasuwa, Baba.”

“Shi ke nan? To ai ko akuya ta mutu a rubuta mata wannan. Buɗe wayarka.”

Na buɗe bidiyon. Ya ce in daina sauraren Sahabi, in bi kalangun da ke ƙasa. A minti na uku da daƙiƙa ashirin ya ɗaga yatsa. Kiɗan ya kauce kaɗan, ya maimaita wani abu sau uku, ya koma hanya.

“Taken gidanmu ne. Nawa ne, na bar wa ɗana Jamilu.”

A lokacin Jamilu ya wata huɗu a hannun mutanen daji, ba waya, ba saƙo, har an sa ranar yi masa sadakar mamaci. Habu ya gan shi ɗaure a bayan wata bukka, shi da wasu. Babu halin magana a can, kuma ya san ko ya dawo, duk abin da ya faɗa da baki zai koma daji. Sai ya faɗa da hannu. Mun saurara sau bakwai, na rubuta wurare uku: minti na uku, na biyar, da daf da ƙarshe. Tun a wancan lokaci gidaje uku suka gane cewa nasu na da rai, suka ci gaba da nema. Biyu sun dawo, har da Jamilu. Malam Hamidu ya ce ya je godiya a ɓoye, Habu ya dube shi ya ce, “Ban san zancen ba, Baba.”

Ranar Laraba muka je Karare tare. Mun iske Rabi tana surfe, 'yarta Jannatu na tankaɗe. Bayan gaisuwa da ta'aziyya na ce mata muna da abin da zai sa 'yan sa-kai su ƙyale ta. Ta ajiye taɓarya.

“Malam, kun zo ku wanke shi ne ko ku binne ni?”

Ashe ta sani tun ranar da Habu ya dawo daga daji.

“Shugaban mutanen dajin nan yana da kunne a kowace kasuwa. In ya ji an yi masa wayo a gaban yaransa, ranar sunan ɗansa, kuma shi da kansa ya yaɗa bidiyon, kuna ganin zai yi dariya? 'Yan sa-kai korata za su yi. Waɗancan ba sa kora.”

“'Yar nan, to a bar shi da sunan ɓarawo?” in ji Malam Hamidu.

“Shekara biyu yana ɗauke da shi bai sauke ba. Ku da kuka ci moriyarsa ne ya yi wa nauyi?”

Na yi mata alkawarin zan yi shiru. Malam Hamidu bai yi nasa alkawarin ba, ni kuma ban lura ba.

Ranar Juma'a, ana sallame salla a Karare, ya miƙe ya faɗi komai, ya kunna wayar a lasifikar masallaci. An ce tsofaffi sun yi kuka. Da la'asar shugaban 'yan sa-kai ya je ƙofar gidan Rabi ya cire hula ya nemi gafara. Washegari mutane suka yi ta zuwa kabarin, har da waɗanda suka ƙi bin gawar. Kafin Lahadi wani ya yanko wuraren uku ya sa bayani a kai, ya tura ko'ina. Shi ya sa nake iya rubuta wannan, babu sauran abin ɓoyewa.

Ranar Litinin da hantsi mutum biyu a kan babur, fuska a naɗe, suka tsaya wurin mai shayi a bakin hanya. Suka sha, suka biya, suka tambayi gidan Habu. Mai shayi ya ce shi baƙo ne. Ɗayansu ya yi dariya, ya nuna gidan da kansa.

“Ka gaida mai takaba. Ka ce mata mun ji labarin, muna nan zuwa ta'aziyya in gero ya shiga rumbu.”

Jiya na koma. Rabi ta tura Jannatu wurin kawunta a Safana. Na ce ita ma ta bi ta, ga mota na samu.

“Ina takaba, Malam. Kuma gonar nan ita kaɗai ya bari. In na tafi babu gero, me za mu ci a gidan mutane?”

Maƙwabta, waɗanda yanzu suke gaishe ta, sun ce za su yi mata gayya su yanke da wuri. Na je gonar na murza zangarniya, har yanzu da ruwa a ƙwayar. Manoma sun ce sai an ƙara kwana tara. Rabi ta ce za ta jira.