Takardar Ungozomar Ƙauye

Shekarar da na ajiye aikin ungozoma na ɗauka na rabu da takardu ke nan. Ban yi wata uku a gida ba babban likitan gundumarmu ta Madarunfa ya aiko a kira ni. Wata ƙungiya ce ta yi sanarwa za ta tallafa wa ma'aikatan lafiya na karkara su yi ɗan bincike kan masu juna biyu, kuma takarda ɗaya tak gundumarmu za ta aika Yamai. Ana neman mutum uku su karanta takardun masu nema su ba da maki. Na ce masa ni ciki na saba dubawa, ba takarda ba. Amma na amsa, don gaskiya na ji daɗin da aka tuna da ni.

Sanarwar kanta sai da ta sa mini ciwon kai. A farko ta ce a binciko dalilin da mata ke daina zuwa awo, can ciki kuma ta ce a kawo hanyar gyara, ba ta faɗi wanne aka fi so ba. Da ni ke ba wanda ya rubuta ta maki, da bai kai labari ba. Duk da haka ita ce ta kafa mana sharuɗɗa: tambayar mai bincike a fili take? Hanyar aikinsa a tsare take? Ana gane rubutunsa?

Takardu biyar aka ba ni, an rufe sunayen masu su, kamar a Madarunfa akwai wanda ba a sani ba. Uku ba su da wani abin a zo a gani. Ta huɗu ta wani matashin likita ce da aka kawo mana daga birni. Faransancinsa sumul, ko'ina ka duba komai na wurinsa. Ya bi rajistar awo ta ƙauyukan wajen Gabi, ya ga masu cikin fari suna zuwa a kai a kai, amma da an shiga wata na bakwai sai su ɓace. Ya ce rashin sani ne, yana son ya gwada ko faɗakarwa za ta dawo da su. Ina karantawa ina gyaɗa kai, na zuba masa maki ba ƙyashi.

Ta biyar tun layin farko na gane mai ita. Wata ungozoma ce da na koya wa aiki, tana wani ƙaramin asibitin ƙauye gaba da Gabi. A ɗakin haihuwa hannunta ba shi da na biyu, amma Faransanci ba ya yi mata biyayya. Ta buɗe da gaisuwa da godiya, ta shiga tarihin ƙauyen, ta koma kan yadda hanya ke lalacewa da damina. Na ci shafi uku ban ga tambaya ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri da mai kewaye-kewaye. Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni cewa ɗalibata ce, ga tsoron kada a ce na yi son kai. Na rufe takardar, na ba ta ɗan abin da na ba ta, na sa hannu a takardar maki, na miƙa ta.

Washegari da hantsi ina zaune a inuwar itacen bedi ina jiran sauran masu karatu su iso taro. Don rage zaman banza na buɗe takardarta ta wajen ƙarshe. A shafin ƙarshe ta zana ƙauyuka da hannu, ta ja layi daga wani zuwa wani, a ƙasa ta yi bayani a ƴan layuka. Matan nan ba awo suka daina ba, in ji ta, gidan iyayensu suka tafi goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Wasu suna Safo, wasu sun bi ta Ɗan Issa sun tsallaka iyaka. Da yawa sukan bar katin awonsu a ɗakin miji, can kuma sai a buɗe musu sabo. Mace ɗaya sai a ɗora mata laifi biyu: a nan a rubuta ta daina zuwa, a can a rubuta ta makara. Abin da take nema shi ne ta bi sawunsu ta ga inda suka haihu.

Ni kaina a amalanken jaki aka kai ni ɗakin mahaifiyata da cikin fari. Ƴaƴana mata biyu a gidana suka yi nasu. Abin da kowace tsohuwa a unguwarmu ta sani, kyan rubutu ya mantar da ni.

A taro na faɗi komai, ban rage wa kaina ba. Babban likita ya karanta shafin, ya ɗago kai.

“Hajiya, gaskiya tana wurinta,” in ji shi. “Amma kowa ya sa hannu. Kuma in munka aika wagga Yamai, wa za shi yi haƙurin kaiwa nan?”

Takardar matashin aka aika. Shi ma ban ga laifinsa ba, abin da rajista ta nuna masa ya rubuta, bai taɓa raka mace goyon ciki ba. Na roƙa dai a nuna masa zanen kafin ya fara aiki.

Ranar kasuwa na shiga mota na tafi ƙauyen ɗalibata, don ban so ta ji daga bakin wani. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, muka gaisa. Na ciro takardarta daga jaka na gaya mata ba ita aka ɗauka ba.

“Ba komi, Inna,” ta ce. “Na san Faransancina bai kai ba. Ni dai abin da ad damuwata, a bar rubuta ma matan ga abin da ba su yi ba.” Ta miƙo mini furar. “Da ni ji kina cikin masu karatu hankalina ya kwanta. Na ce ko kowa bai kai ƙarshe ba, Inna za ta kai. Kin kai ko?”

Da na ce mata e kawai, da ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

“Na kai, ɗiyata,” na ce. “Amma sai bayan na sa hannu.”

Ta kalle ni, ta kalli tabarma. Na fi son ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Can ta karɓi takardar, ta zare shafin ƙarshe ta ɗora shi a sama, ta turo mini.

“To ki zamna, Inna, ki gwada mini yadda aka farawa daga nan.”

Motar komawa ta tafi ta bar ni, sai da la'asar na samu mai babur.