Rungumar Kawu

Kawunmu ɗan sanda ne tun kafin a haife ni. Da kurtu ya fara, ya daɗe a sashen binciken manyan laifuka, har ya kai kwamishina kafin ya yi ritaya ya dawo gidansa a unguwar Makama. Mutanen Yola ba su cika rungumar juna ba, hannu ake bayarwa a sunkuya. Shi kuwa duk namijin da ya shigo zaurensa sai ya rungume shi, ya bubbuga masa baya, ya shafo haƙarƙari har zuwa ƙugu. Unguwa ta ce mutumin kirki ne. Ni dai ban taɓa yarda da wannan kirkin ba, don idonsa ba ya dariya tare da bakinsa.

Lokacin da 'yan tayar da ƙayar baya suka mamaye garuruwan arewacin jiha, yayana yana koyarwa a can. Muka daina jin ɗuriyarsa. Har an fara yi wa inna gaisuwa a fakaice, sai ga shi a tashar Jimeta, gemu ya cika fuska, ƙafa duk ta faffashe. Kawu ne ya riƙe shi tun rasuwar babanmu, don haka yayana ya ce gidan Kawu zan fara kai shi.

Kawu ya taso da sauri ya rungume shi. Ina tsaye ina kallon hannuwan nan suna gangarowa, suna laluben aljihu da mazagin wando. Yayana ya sandare.

"Kawu," ya ce a hankali, "babu komai a jikina sai yunwa."

"Ka rame ne, ɗana. Su waye suka bar ka ka fito?"

Ranar na ji haushin Kawu har cikin raina. Yayana bai ƙara taka gidan ba, ko da salla.

Bara ciwo ya kwantar da Kawu, ya yi ta kiran sunan yayana. Da ƙyar na lallaso shi ya zo. Ya durƙusa gaban gado, tsohon ya jawo shi jikinsa yana hawaye. Ni kuwa hannuwan nake kallo. Suka tsaya a kafaɗa, har na fara sakin numfashi. Sannan suka soma gangarowa. Yayana ya ɗaga hannuwansa sama don Kawu ya ƙarasa.