Manejin Baba

Jiya mai okada ya miƙo min hular kwano da igiyarta a tsinke, ya ce, "Madam, manage am." Na karɓa na kifa a kai. Har muka isa unguwar Uwani ban san ta inda muka bi ba, hankalina ya koma unguwar Coal Camp, gidan hayar da na tashi a ciki.

Kalmar Turanci ce, amma a wurinmu ta zama 'yar gida, maneji muke cewa. In Inna ta ƙara wa miya ruwa saboda baƙo, maneji ne. Mu shida a ɗaki ɗaya, maneji. Silifas ɗin da aka ɗaure da waya ma sunansa ke nan. Kaka ce kawai ta tsane ta, tana cewa haƙuri ne aka sa wa rigar Bature.

Baba ɗinkin buhunan albasa yake yi a kasuwar Ogbete, ni nake kai masa abincin rana. Wata damina ya taka ƙusa cikin taɓo, ya zuba baƙin mai ya ɗaure da tsumma. Ni nake ɗebo masa ruwan wanke ciwon, saboda haka ni kaɗai na ga ƙafar tana kumbura tana baƙi. A gida safa yake sawa. Dattawa in sun gaishe shi, "Lafiya lau" yake amsawa, don a wurinsu magidanci ba ya kawo zancen ciwo.

Na ce, "Baba, zan faɗa wa Inna."

Ya ce, "A'a, uwata, za mu yi maneji. Albasa ta shigo, in na kwanta wani zai karɓe wurin."

Na yi shiru, har ina jin daɗi wai mun haɗa sirri. Wari ne ya tona shi, ba ni ba. A asibiti aka yanke ƙafar, bayan kwana huɗu ya rasu. Ban yi kuka ba, kuma har Inna ta bi shi ban faɗa mata na sani ba.

Yanzu 'ya'yana kan cajin waya suke faɗin kalmar, suna dariya. Wata uku ke nan ina jin wani ƙullutu a ƙirjina. Shekaranjiya autata ta kama ni ina dafe wurin, ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce ana maneji. Ta gyaɗa kai ta yi shiru, irin shirun da na sani.

Okadar jiya asibiti ta kai ni.